Ɗakin Sanyin da Ba a Taɓa Ginawa Ba

Mma Bariatu ta haura shekara goma tana sayar da abinci a garin Silver Spring na Amurka kafin rufin kicinta ya faɗo. 'Yar Kumasi ce, a Zango aka haife ta, a wajen kakarta ta koyi girki. Da ta zo Amurka aikin kula da tsofaffi ta fara yi, ranar Asabar kuma ta dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, a gida ta sayar wa 'yan uwa. Bayan rasuwar mijinta ta kama wani ɗan shago a bayan layin shagunan Habashawa, ta jera tebura kaɗan, ta rataya allo da sunanta. Direbobin tasi 'yan Gana da 'yan Nijar, nas-nas da suka taso daga aiki, likitoci 'yan Kano da ke tukowa tun daga Germantown saboda tuwon zafi da miyar ayoyo, duk a nan suke haɗuwa.

A Fabrairun 2010 aka zuba dusar ƙanƙara irin wadda tsofaffin garin ma suka ce ba su saba gani ba. Ba a gama kwashe ta farko ba wata ta sauko a kanta. Bas-bas suka tsaya, makarantu suka rufe, kowa ya zauna a gida. Ranar da aka share hanya, Bariatu da 'yarta Fareeda, wadda nas ce a wani asibiti, suka taka zuwa shagon da safe. Wajen cin abincin lafiya lau yake. Da suka tura ƙofar kicin sai suka ga sararin sama. Rufin baya, wanda dama shimfiɗaɗɗe ne, ya kasa ɗaukar nauyin ya karye. Wani katako ya faɗa a kan murhun gas, bututun ruwa ya fashe ya daskare, firiza ta lotse, manyan tukwanen da ta sa aka kawo mata daga Kumasi sun lotse sun cika da ƙanƙara.

Bariatu ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi da babu kowa a ciki."

Gyaran rufin na mai ginin ne. Kayan kicin kuwa, da cinikin da za ta rasa, akwai inshorar da take biya duk wata a kansu tun ranar da ta buɗe shagon, ba ta taɓa neman ko sisi ba.

Washegari Abdul-Latif ya zo. Ɗan Haleema ne, ƙawarta tun suna 'yan mata a Zango. Lokacin da ya ci bizar zama a Amurka, a falon Bariatu ya kwana har ya sami ɗaki. Ya yi wankin mota, ya yi gadi, yanzu ga shi cikin rigar sanyi mai ɗauke da sunan wani kamfani, da kyamara rataye a wuyansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya jajanta mata, ya shiga kicin ya fito yana girgiza kai.

"Mma, kada ki tunkari mutanen inshora ke kaɗai," in ji shi. "Za su zo su yi miki Turancin lauyoyi, su ba ki abin da bai kai kuɗin tukwanen nan ba. Kamfaninmu aikinsa ke nan. Mu za mu tsaya miki, mu ƙiyasta asarar, mu yi ciniki da su. Sai an biya ki sannan mu ɗauki kasonmu."

"Kai ka iya wannan aikin?"

"Ni mutane nake kawowa, in ɗauki hotuna. Sauran na Oga ne. Ya san su ciki da waje."

Fareeda, wadda a nan ta girma, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da amsa. Ta ce a bari ta tafi da takardun yarjejeniyar gida ta karanta tukuna.

"Ɗan Haleema ne fa," in ji Bariatu. Ta cire safar hannunta ta sa hannu a kan teburin cin abinci.

Sanyi ya wuce, bishiyoyi suka yi fure, mai ginin ya ɗora sabon rufi. Kicin dai yana nan wayam. Idan ta kira kamfanin inshora sai a ce mata tunda ta naɗa wakili, da wakilin za su yi magana. Idan ta kira ofishin wakilin sai na'ura ta amsa. Abdul-Latif kuma kullum amsarsa ɗaya, "Ana kai, Mma, kwana kaɗan ya rage." Bariatu ta koma tsohon aikinta, tana yi wa wata tsohuwa wanka da girki a Wheaton. Duk wanda ya gamu da ita a masallaci sai ya tambayi yaushe za a buɗe, ita kuma ta ce sai yadda Allah Ya yi.

A watan Mayu kamfanin inshora ya aiko mutuminsa ya duba shagon. Dogo ne mai fara'a, da tef ɗin awo a hannu. Ya auna bangon nan, ya auna wancan, ya tsaya a tsakiyar kicin yana waige-waige.

"A ina ɗakin sanyin yake?" ya tambaye ta da Turanci.

Ta nuna masa lotsattsiyar firizar da aka jingine a lungu.

"Ba wannan ba. Ɗaki nake nufi, irin wanda mutum ke shiga ciki, inda kike ajiye nama."

"Ba ni da shi. Ban taɓa yi ba. Dubi kicin ɗin mana, ina zai shiga?"

Mutumin ya naɗe tef ɗinsa a hankali. Ya ce a cikin abin da aka nema da sunanta akwai ɗakin sanyi cike da nama, da ƙarin murhu biyu manya, da injin wanke kwanuka. Ya ce shi ya sa aka tsayar da biyan, kuma an riga an miƙa maganar ga sashensu mai binciken zamba.

"Kana nufin ni ɓarauniya ce?"

"Ban faɗi haka ba. Amma sunanki ne a kai."

Bayan tafiyarsa ta zauna a kan bokitin fenti da magina suka bari. Rashin kuɗin bai taɓa hana ta barci ba, ta ga abin da ya fi haka. Amma a ce an yi ƙarya da sunanta, sunan da direbobi ke ba wa ajiyar makullinsu da saƙonsu na gida, wannan ya tsaya mata a ƙirji. Ranar Asabar ɗin nan ko waakyen da ta koma dafawa a gida ba ta ɗora ba.

Fareeda ta ce akwai hukumar jiha da ke sa ido kan harkar inshora da masu shiga tsakani irin wannan kamfanin, kuma kai ƙorafi can kyauta ne.

"In kai ɗan Haleema gaban hukuma?" in ji Bariatu. "Da wane ido zan dubi uwarsa? Bari in je in ga ogan nasu da kaina. Wataƙila kuskure ne."

Ta shiga jirgin ƙasa na Metro daga Silver Spring, ta canza a tsakiyar gari, ta sauka a Alexandria, ta hau bas zuwa wani dogon bene. Ofishin yana can sama, da kafet mai laushi da hotunan gidajen da aka gyara a bango. Sakatariya ta ce ta jira. A kujerar da ke kusa da ita wata dattijuwa ce baƙar Ba'amurkiya, ta rungume jaka a cinya. Jira ya yi tsawo har suka fara hira. Sunanta Misis Loretta, daga Hyattsville take. Ita ma rufinta ne ya buɗe a wancan sanyin, har yau tampol ne a kai. Mijinta ba shi da lafiya, da bututun iska yake numfashi, duk sanda aka yi ruwa sai ta ja gadonsa zuwa falo.

"Wannan ne zuwana na nawa, ni ma na manta," in ji Misis Loretta. "Yaron da ya zo gidana yana da kirki ƙwarai. Ɗan Afirka ne, da kyamara a wuyansa. Har dusar ƙofata ya share mini."

Bariatu ta gane yaron da take nufi.

Da aka kira ta ciki, mai kamfanin ya tarbe ta da murmushi, ya ba ta ruwa. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Ya ce haka ake ciniki da mutanen inshora, a nemi da yawa don a sami daidai. Ta ce ita ba ta so, a cire abin da ba ta da shi, ko kuma a sallame ta ta bi haƙƙinta da kanta. Nan murmushin ya ɗauke. Ya ce idan tana son fita akwai tarar da za ta biya, wadda ta fi ƙarfinta. Ya ce kuma ta yi hattara da yawan magana, domin ita ce mai shago, ita ta sa hannu, idan maganar ta fita waje ita za a fara kamawa.

Ta fito. Misis Loretta na nan zaune inda ta bar ta. Bariatu ta wuce ta har ta kai bakin lifta, sai ta dawo ta ce, "Ba ni lambar wayarki."

A cikin jirgin komawa ta yanke shawara. Ranar Lahadi bayan la'asar ta kira Abdul-Latif gida, ta zuba masa tuwo, ta bari ya fara ci, sannan ta ba shi labarin ɗakin sanyin.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Wallahi Mma ban san da wannan ba. Ni hotuna kawai na kai."

"Na yarda. Amma tsohuwar nan ta Hyattsville kai ka kawo ta. Su wa kuma ka kawo?"

Ya fara ambato. Wani mai aski, wata mai shagon atamfa, direbobi da dama. Yawancinsu Bariatu ta san su, wasu a shagonta ma ya same su.

"Gobe Fareeda za ta shigar da ƙorafi," in ji ta. "Na kira ka ne don kada ka ji a bakin wani. Ina so mu je tare."

"Mma, za a ƙwace mini takardun zama. Za a mayar da ni gida hannu wofi. Oga ya ce duk wanda ya yi magana shi zai kwana a ciki."

"Ni ma haka ya ce mini."

"Ki ba ni lokaci in yi masa magana."

"Ai tun sanyi kake yi masa magana."

Ya tashi ya wanke hannu, ya yi mata sallama ba tare da ya dube ta ba. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Labari ya zagaya. Alhaji Abdul-Shakur, shugaban ƙungiyar 'yan Zango na yankin, ya kira ta ya ce ba a saba kai maganar ɗan gida wajen hukuma ba, ta bari manya su zauna a sasanta.

"Alhaji, ku za ku iya kiran Abdul-Latif ya zo ya durƙusa," in ji ta. "Mai kamfanin fa, a cikinku wa zai kira shi ya amsa?"

Alhaji ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Fareeda ta shigar da ƙorafin ta kwamfuta. Bariatu ta yi tsammanin shi ke nan, ya faɗa cikin tarin takardun gwamnati. Amma ba a jima ba aka bugo waya daga ofishin hukumar a Baltimore, aka ce mai bincike za ta zo shagon.

Ranar da za ta zo Bariatu ta sa mafi kyawun mayafinta, ta share kicin ɗin da babu komai a ciki. Wata mata ce ta shigo, gajera, da gilashi da jakar kwamfuta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Salamu alaikum. Mama, ina wuni? Ya muka ji da wannan abu?"

Bariatu ta saki baki. "Ke 'yar ina ce?"

"Sunana Irene Kambai. Daga Kafanchan nake, a Najeriya. Da na ga sunan abincin da ke kan allonki a cikin hoto, na ce a bar mini wannan."

Suka yi dariya, kowacce na jin Hausar 'yar uwarta wani iri. Amma da aka zauna, Irene ba ta yi wasa da aikin ba. Ta sa Bariatu ta ba da labarin tun daga farko. Ta tambayi wa ya zo, me ya ce, wa ya yi bayanin kason da za a cire, ko an taɓa nuna mata abin da aka aika da sunanta. Ta shiga kicin ta duba bango da ƙasa, ta ce ɗakin sanyi ba ya ɓacewa bai bar alama ba, ko ramin ƙusa ko hanyar waya.

"Za a kama ni?" Bariatu ta tambaya.

"Ba ni ce alƙali ba, Mama, ba zan faɗa miki abin da ban da iko a kai ba. Amma ke kika gaya wa mutumin inshora gaskiya da bakinki, ke kuma kika kawo ƙorafi. Wannan yana da nauyi. Mu muke ba wa irin wannan kamfanin lasisi, muna da ikon mu ce ya kawo mana duk abin da ya aika, dole ya kawo."

"To yaron fa?"

Irene ta cire gilashinta. "Idan ya shiga gidajen mutane yana ƙulla wannan harka ba shi da lasisi, zai sha tambaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ba ma'aikaciyar shige da fice ba ce. Kuma wanda ya zo da ƙafarsa daban yake da wanda aka nemo."

"Ban san inda yake ba."

"Idan kin ji daga gare shi, ki ba shi wannan." Ta ajiye katinta a kan tebur. Bariatu ita kuma ta ba ta lambar Misis Loretta, da sunayen mai aski da mai atamfa.

Wasu a cikinsu suka ƙi magana. Mai askin ya rufe wa Irene waya. Mai atamfar ta ce sai mijinta ya yarda, mijin kuma bai yarda ba sai da Bariatu ta je gidan da kanta ta zauna da su. Misis Loretta kuwa tun kiran farko ta ce ta daɗe tana jiran wani ya tambaye ta.

Wata ranar Asabar Bariatu na shafa fenti a bangon shagon, don ta ce ko babu murhu ba za ta zauna hannu biyu ba, sai ta ji sallama. Abdul-Latif ne, ya rame, babu rigar kamfanin. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ƙi tashi.

Ya ce a Germantown yake, a ɗakin wani abokinsa, yana kai kaya gidaje da mota. Ya ce da hukuma ta fara neman takardu, Oga ya kira shi ya ce ya sa hannu a kan cewa shi da idonsa ya ga ɗakin sanyin, da sauran abubuwan da aka ƙara wa mutane. Shi kuma ya ce wa Oga to bari ya shiga bayi. Daga nan ya bi matakala ya sauka, bai sake komawa ba.

"Hotunan da na ɗauka duk suna wajena," in ji shi. "Na kicin ɗin nan, da na sauran. Ban goge ko ɗaya ba."

"Tashi," in ji Bariatu. "Ka ci abinci?"

Ranar Litinin Fareeda ta ɗauki hutu ta tuƙa su zuwa Baltimore. Bariatu ta zauna a waje a kan benci tana jan carbi, shi kuma yana ciki da Irene da wani lauyan hukumar har bayan azahar. Da ya fito idanunsa sun yi ja, amma tafiyarsa ta sauya.

"Sun tambaye ni komai," in ji shi. "Babu wanda ya yi mini tsawa."

Daga nan abubuwa suka fara motsi, duk da ba da saurin da Bariatu take so ba. Hukumar ta dakatar da kamfanin daga karɓar sabbin mutane har a gama bincike. Kamfanin inshora ya yarda ya yi magana da ita kai tsaye. Dogon mutumin nan mai tef ya dawo, suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya lalace da gaske. Abin da aka biya ta bai yi kusa da abin da aka nema da sunanta ba, kuma bai maye mata watannin da shagon ya yi a rufe duka ba. Ta sayi murhu na hannu daga wani gidan abincin da ya rufe a Wheaton, ta sa aka buga tukwanen da suka lotse. Ana saura kwanaki a kama azumi ta buɗe. A ranar farko koko da ƙosai suka ƙare tun kafin hantsi.

Zaman sauraren ƙarar sai a shekarar da ta biyo baya aka yi shi. Ɗaki ne madaidaici, ba kamar kotun da take gani a talabijin ba. Mai kamfanin ya zo da lauyansa, wanda ya yi ta juya mata tambaya, ko ba ita ce ta taɓa cewa tana da niyyar gina ɗakin sanyi ba. Ta ce ta taɓa cewa tana da niyyar gina gida a Kumasi ma, ko shi ma ya sa a ciki? Alƙalin zaman ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa. Abdul-Latif ya ba da shaida. Misis Loretta ta zo da sanda. An gyara mata rufi, amma mijin bai ga gyaran ba, ya rasu a cikin kaka. Da ta gama magana ta dawo ta zauna kusa da Abdul-Latif, ta dafa hannunsa.

Aka soke lasisin mai kamfanin, aka ci shi tara, aka warware yarjejeniyar duk waɗanda ke hannunsa ba tare da sun biya komai ba. Ba kowa ne ya farfaɗo ba. Mai askin ya riga ya rufe shagonsa ya koma aiki a ƙarƙashin wani. Abdul-Latif an ja masa kunne a rubuce, aka hana shi taɓa harkar na wani lokaci. Ya ci gaba da kai kaya, ya sayi littattafan jarrabawar lasisi yana karantawa a mota idan yana jiran oda. Ya ce shi aikin ba shi da laifi, mutane na bukatar mai tsaya musu, yana so ya yi shi yadda ya kamata.

Bayan an gama komai Irene ta zo shagon cin tuwo, ta ce akwai abin da ke damunta. Ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa ofishinsu daga 'yan Afirka ba su taka kara sun karya ba, kuma ta san ba don ba a cutarsu ba ne.

"Idan na tsaya gabansu da katin gwamnati a wuya, kowa sai ya ce lafiya lau," in ji ta. "Amma ke za su saurare ki."

"Ni ban iya lacca ba, 'yata."

"Ba lacca za ki yi ba, Mama. Ki faɗi abin da ya faru kawai."

Alhaji Abdul-Shakur ne ya ba da zauren da ƙungiya ke taro, wata Lahadi bayan azahar. Shi da kansa ya yi sanarwa a masallaci. Mutane suka cika, 'yan Gana da 'yan Najeriya da 'yan Nijar, mata a gefe guda da yaransu. Bariatu ta riƙe makirfo nesa da bakinta har sai da Fareeda ta taso ta gyara mata. Ta ba da labarin ba ƙari ba ragi. Ta ce duk wanda ya zo ya ce zai tsaya maka, ko ɗan wa ye, ka tambaye shi lasisinsa, ka kira hukuma ka tabbatar, ka kuma ce sai ka ga abin da za a aika da sunanka. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce idan mutum ya kai ƙorafi ba za a bi diddigin takardunsa ba? Irene ta tashi ta amsa da Hausa, ta faɗi abin da ofishinta ke tambaya da abin da ba ruwansa da shi. Zauren ya ɗauki guna-guni, wasu na gyaɗa kai, wasu ba su gamsu ba.

Da aka shafa addu'a, yawancin mutane suka nufi wajen shinkafa. Irene ta zauna a wani ɗan tebur a gefe, Bariatu na kusa da ita. Da farko babu wanda ya matso. Can sai wata matashiya mai goyo ta zo ta tambayi wani abu game da gobarar da aka yi a benensu. Bayanta wasu mata biyu suka tsaya. Wani direban tasi ɗan Maraɗi mai suna Sabo, wanda aka buge masa mota tun bara kuma wani kamfani ya karɓi maganar ya yi shiru, ya yi ta kai da komowa a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Bariatu ta hango shi. Ta tashi daga kujerarta ta juya ta wajensa.

"Malam Sabo, zo ka zauna nan," in ji ta. "Fara mata daga ranar da abin ya faru."

Ya zo ya zauna, ya gyara murya, Irene ta buɗe sabon shafi.